Layi Na Ɗari Huɗu a Manhajar Farfesa

Shekara uku ke nan Uwar Duwatsu, kamar yadda abokan karatu ke tsokanarta, tana fama da tambaya ɗaya tak: farar wuta nawa narkakken dutse ke iya shanyewa kafin ya amayar da ita? Farfesa, mai duba aikin digirinta, yana da manhajar da ya rubuta da hannunsa. Ka ba ta zafin dutse da abin da ya ƙunsa, ta ba ka amsa. Matsalar ita ce amsar manhaja daban, awon da take yi a ɗakin gwaji daban.

"Sake awo," in ji Farfesa kullum, ko kai ba ya ɗagawa.

Sau huɗu tana sakewa! Ta yanka dutse, ta goge shi har yatsunta suka yi kanta. Wallahi ta gaji, gajiyar da ko kuka ba ta bari a yi. Ga wa'adin miƙa aiki saura wata guda, in ya wuce shi ke nan, an sallame ta.

Ranar Laraba da hantsi, don tsabar haushi, ta buɗe cikin manhajar, abin da babu ɗalibin da ya taɓa kuskura ya yi. Ta bi layi-layi, shayinta ya huce. A layi na ɗari huɗu ta tsaya cak. Akwai lambar da ake ƙarawa don sauya ma'aunin zafi. Sau biyu aka ƙara ta. Ashe duk shekarun nan manhajar dafa duwatsun take fiye da kima.

Ko murna ba ta yi ba. Ta ja ƙafa zuwa ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, a duba min nan."

Ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Fanka na ta ƙugi a sama.

"Shekara goma sha tara," ya ce a hankali. "Awonki daidai ne, 'yata. Je ki rubuta."

Har ta kai ƙofa ta ji ƙarar durowa. Ya ciro wani kundi mai ƙura, aikin ɗalibin da ya kayar shekara takwas da suka wuce, wai bai iya awo ba.

"Ki tambaya min a sashe," ya ce, "ko akwai mai lambar wayarsa."