Kwatar da Ke Shayar da Lemona

Bishiyar lemon da ke ƙofar gidanmu ruwan wanke-wankena take sha. Marigayi maigidana ne ya haƙa 'yar kwata daga bakin madafa har gindinta, tun muna da sauran ƙarfi. A inuwarta mai gyaran takalma yake zama, tela ya fito da kekensa, a yi ta hira har rana ta yi sanyi, ba mai gaggawar zuwa ko'ina.

Sai ga ɗan ƙanena ya dawo daga birni, wai hayaniya ta ishe shi. Na ba shi ɗaki. Na tafi jinyar 'yata, ina dawowa na tarar ya shafe tsakar gida da siminti, har kwatar. Ganyen lemo ya fara naɗewa.

Na ɗauko guduma, na same shi kwance a inuwar yana lumshe ido.

"Tashi, sarkin hutu! Inuwar nan iska kake tsammani take sha?"

"Haba Gwaggo, tsafta na yi miki. Zan riƙa ba ta ruwan famfo."

"Ruwan shan mutane? Ga na wanke-wanke can kwance, sauro sun samu gida! Ni kwatata nake so, yau ɗin nan."

Ya karɓi gudumar yana jujjuyawa. "Ai ban ma san ta inda ta bi ba."

"Ƙarya kake! Lokacin da kake yaro, wa nake kora kullum yana tura jirgin kara a cikinta?"

Ya taka zuwa bakin madafa, ya durƙusa daidai wurin, ya ɗaga guduma.