Ƙwallayen Dabinon Adda Luba

"Ajiye tsintsiyar nan, Maman Marwa."

Ina sunkuye a tsakar gida, na tara sharar shan ruwan jiya, ɓawon lemo da ƙwallayen dabino da ƙasa, ina shirin kwashewa. Adda Luba ta fito daga ɗakinta tana jan ƙafarta da ta kumbura, ta tsuguna da ƙyar, ta fara tsince ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a gefen zaninta.

"Adda, don girman Allah. Mutane fa suna shigowa gidan nan kawo ɗinki."

"To su shigo mana. Sata suka ga ina yi?"

Gidan haya ne a Takur, ɗaki biyu nawa, ɗaki biyu nata, tsakar gida ɗaya. Ni tela ce, maigidana direba ne, ba ya zama. Ita kuwa malamar ajin share fage ce a firamaren unguwarmu, ajin 'yan ƙananan da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai take zaune, danginta suna can Miga, kuma daga bakinsu muka ɗauki kiranta Adda. Shekara da shekaru muna zaman lafiya da ita, har ranar da aka tura ta bita.

Ita ma bitar ba don an zaɓe ta aka tura ta ba. A cikin hutu ta faɗo, duk malaman da suka saba zuwa suka noƙe, sai hedimasta Malam Zailani ya tuna da Adda. Kafin nan kowa ya san ajinta. Tana kan kujera da tsumagiya a cinya, yara suna rera harufan Turanci da ƙarfi har a bakin titi ana ji. Rabin matasan unguwar nan a haka suka wuce ta hannunta, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Da ta dawo daga bitar, tsumagiyar ta fara sawa a murhu. Wai an sake manhaja. Wai yaro ɗan shekara huɗu da hannunsa yake koyo, da harshen da ake yi masa magana a gida, kuma malama ba ta da abin yi a kan kujera, ƙasa za ta zauna tare da shi.

"Shekara nawa ina cutar 'ya'yan mutane ban sani ba," in ji ta. "Suna ta ihu ina cewa karatu ne."

Na ce an dai ce gemu ba ya hana ilimi, ashe furfura ma haka. Ta yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da ke tafe ba.

Abin da ke tafe shi ne tarkace. Marafan kwalba, gwangwanayen madara da na tumatir, kwalayen ashana, tsummokaran da suka faɗo daga kekena, duk ta bi ta tara. Zauren gidan ya cika har sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Da azumi ya kama sai ta koma kan ƙwallon dabino, gida-gida take bi da kwano. Ta wanke su, ta shanya a kan tabarmata, ta zuba a buhun shinkafa. Wata mai kawo mini ɗinki ta taɓa jawo ni gefe ta tambaye ni ko baiwar Allahn nan lafiyarta ƙalau.

Abin haushin, ba wai babu kayan ba ne. Tare da sabuwar manhajar an kawo wa makarantar babban kwali cike da kayan wasan koyo, masu launi, sababbi fil. Malam Zailani ya sa aka kai ofishinsa, ya kulle a kabad. Da Adda ta je nema sai ya ce mata, "Malama, kayan gwamnati ne. Idan yara suka lalata, masu duba makarantu suka zo, me zan nuna musu?"

Ni kaina ina cikin masu ƙorafi, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ina ganin ina da hujjata. Marwa 'yata a ajinta take. Kullum ta dawo da yashi a kitso, littafinta fari tas. 'Ya'yan maƙwabta da ke makarantar kuɗi suna ta zuba Turanci a ƙofar gida, tawa kuwa ta zauna tana jera duwatsu tana magana da su.

"Adda, makaranta na kai ta ko wasan ƙasa? Idan wasan ƙasa ne ai ga shi nan kyauta a bayan gida."

"Ki ba ni zango ɗaya."

"Zan cire ta."

"Cire ta. Amma kafin nan zo ki zauna."

Wannan "zo ki zauna" shi ne ya fi komai ƙona mini rai. Ƙa'idar bitar ita ce duk wadda ta je, ta dawo ta koya wa sauran malaman makarantarta. Adda kaɗai ce ta je daga makarantarsu, kuma ba abin da take so a duniya kamar a sa mata rana ta tara su, musamman Malama Najwa, yarinyar da aka ɗauka kwanan nan, wadda kowa ya san ita za ta gaji ajin. Malam Zailani ya ce bayan jarrabawa. Aka gama jarrabawa ya ce bayan azumi. Najwa kuwa an haɗa mata aji biyu a can ɓangaren manya, ko numfashi ba ta samu. To da yake Adda ba ta da wanda za ta gwada a kansa, sai ta mayar da ni ɗalibarta.

Ga ɗinkin Sallah ya taru mini har rufi, ga azumi a baki, ni ce zaune a ƙasa da ƙwallayen dabino a gabana.

"Ki ɗauka ni ce yarinyar," ta ce. "Ki yi tuli biyu, ɗaya a baje, ɗaya a dunƙule. Ki tambaye ni wanne ya fi yawa."

"Wanne ya fi yawa?"

Ta nuna bajajjen.

"A'a, ai daidai suke, duba ki—"

"Kin gani? Kin faɗa mini. Me ya rage mini in gano? Idan kin yi tambaya, ki kama bakinki. Ki bar shi ya taɓa, ya jera, ya ɓata, ya sake. Shirun nan shi ne aikin."

"Adda, ni fa ba a taɓa sanina da shiru ba."

"Na sani. Shi ya sa nake gwadawa da ke. Idan ke kika iya, kowa zai iya."

A haka kumburin ƙafar ya hau har gwiwa. Asibiti suka ce zuciya ce, suka ba ta magani, suka ce ta huta. Hutunta shi ne ta jingina da bango tana huda marafan kwalba da ƙusa. Bayan Sallah aka koma makaranta ba da ita ba. Sau biyu ta aike ni wajen Malam Zailani kan maganar sa mata ranar, na tsaya a ƙofar ofishinsa ina kallon kabad ɗin nan a kulle. A na biyun ya ce in gaya mata ya sa ranar Alhamis mai zuwa, idan ba za ta iya tafiya ba malaman za su zo gida.

Da na kawo mata saƙon ta sa na ciro mata atamfarta mai kyau na goge. Ta sa na jawo buhun ƙwallayen dabinon kusa da gadonta.

Ranar Talata da hantsi na shiga kai mata kunu, na same ta numfashi yana fita da ƙyar. Na juya zan fita neman mai adaidaita sahu, ta riƙe mini hannu.

"Buhun nan na Najwa ne. Ki nuna mata."

"Ke za ki nuna mata jibi. Ni tela ce."

"Ki dai nuna mata. Kuma ki yi shiru."

Na ce mata ko yanzu ma ba za ta bar ni in huta ba. Ta ɗan murmusa. Kafin mai adaidaita ya shigo layinmu ta cika, kalmar shahada a bakinta, hannuna a nata.

Dangi suka iso daga Miga kafin azahar, aka kai ta makwancinta. Ina can ina fama da tukwane da baƙi, ƙaninta Baffa Lado ya ga zaure a cushe, ga masu gaisuwa ba wurin wucewa, ya kira masu sayen gwangwani suka kwashe komai. Da na fito, zauren da na yi wata da watanni ina addu'ar ganinsa a share, ga shi nan a share. Na tsaya a ciki na yi kukan da ban yi ba da safe.

Saura buhun dabino, shi ma ban same shi inda na bari ba. Matar Baffa Lado, wadda suke kira Goggo, ta jawo shi tsakar gida, ta zura hannu ta ɗebo, ta ɗaga wa mata.

"Allahu akbar. Ku duba, a wanke, a goge. Ashe baiwar Allah wuridi take yi a ɓoye, ba wanda ya sani."

Mata suka ɗauki salati. Nan take aka fara rabawa, kowace mace tafi guda, ta karanta Ƙulhuwallahu a kan kowane ƙwallo, idan ta gama ta juye a kwano, ladan ga mamaciya.

"Goggo, ba na wuridi ba ne," na ce. "Na yara ne. Lissafi take koya musu da shi."

"Yarinya, ba ki san komai ba. Irinsu ba sa faɗa."

"Ni na shanya su da hannuna."

"To Allah ya ba ki ladan. Idan an yi sadakar uku zan tafi da su Miga, duk gidan da aka yi rashi a riƙa ara. Abu mai albarka ba a bar shi a gidan haya."

Me zan ce? In tsaya a gidan makoki ina gardamar cewa mamaciya ba ta kai yadda ake zato ba a ibada? Na koma kan tukwanena.

Ranar uku ta faɗo a Alhamis ɗin da aka sa. Malaman makarantar suka zo gidan kamar yadda aka yi alkawari, sai dai gaisuwa ta kawo su. Ina jiyo Malam Zailani daga waje yana gaya wa maza cewa an yi babban rashi, marigayiya ita kaɗai ce ta san sabuwar manhaja a makarantarsu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ina da iko da na fita na tambaye shi mukullin kabad a gaban kowa.

Najwa ta shigo cikin mata, idonta jajir. Goggo ta zuba mata ƙwallaye a tafin hannu, Najwa ta zauna a kan kujerar roba tana karantawa. Na bari sai da ta gama, ta miƙa hannu za ta juye a kwano, na riƙe ta.

"Taso."

Na ja ta ɗakina, na tura keken ɗinki gefe. Ta nemi bakin gado, na ce a'a, ƙasa. Na kira Marwa daga cikin yara. Na karɓi ƙwallayen hannun Najwa na yi tuli biyu, ɗaya a baje, ɗaya a dunƙule.

"Tambaye ta wanne ya fi yawa."

Ta tambaya. Marwa ta nuna bajajjen. Najwa ta buɗe baki, na dafa mata gwiwa. Ni kaina sai da na ciji leɓe. Marwa ta kalle mu, ta kalli ƙwallayen, sannan ta fara ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can, tana haɗa su biyu-biyu a layi. Ta ɓata, ta sake. A waje ana ta jefa ƙwallaye a kwano. Da ta kai ƙarshe ba wanda ya rage ba abokin tafiya.

"Ba wanda ya fi," ta ce. "Wannan baje kansa kawai ya yi."

Najwa ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska. Da ta sauke ta ce, "Me kuma Adda ta nuna miki?"

"Da yawa. Ta hana ni ɗinkin Sallah saboda shi."

Muka zauna har la'asar. Abin da na tuna na nuna mata, abin da na manta ya tafi da mai shi, kuma wannan ba zan yafe wa mai kabad ba da wuri. Goggo ta tafi Miga da buhunta a kan mota, ban iya hana ta ba. Abin da ya rage mana shi ne tafin hannun nan guda, Najwa ta ƙulle shi a gefen mayafi.

Ranar Litinin na raka Marwa makaranta da kaina. Ofishin hedimasta a rufe yake, ban ma tsaya a wajen ba. Ajin share fage ba a jin ihun harufa daga titi. An fito da kujerar malama an ajiye a baranda, wani ya ɗora mata butar ruwa. A bakin ƙofa takalman yara ne a zube, ƙanana, wasu a kife, kuma a tsakiyarsu akwai manya guda biyu, na Najwa.

Marwa ta cire nata ta ajiye kusa da su, ta shiga.