Gonar Iya Batulu Wuri Biyu Take

A ofishin da ke ajiye bayanan gonakin Roni, Gwiwa da Babura, can bayan dutse a Kazaure, saba biyu ce Bahijja ke kula da su, wato manyan na'urorin da komai ke zaune a cikinsu. Kwamfutocin aikin kuwa ba su da jiki, tamkar 'yan haya suke, ita ke zaɓar musu gida. Dokarta ɗaya ce: rajistar gonaki da kwafinta ba sa kwana a na'ura ɗaya.

Shi ya sa ranar da Iya Batulu ta zo daga Roni, gara ta cinye takardar gonar marigayi mijinta, 'yan'uwansa kuma sun fara leƙen gonar, Bahijja ta bugi ƙirji. "Iya, ki kwantar da hankalinki. Wuri biyu gonarki take."

Sai wani attajiri, Alhaji Lado, ya ba ofishin sabuwar na'ura, har da sunan mahaifiyarsa a jiki, ya ce Laraba zai zo gani. Darakta Malam Sharfuddeen ya leƙo ɗakin na'urorin, ya yi wa tsofaffin kallon abin kunya.

"Bahijja, ki kwashe komai ki zuba a ta Alhaji. Waɗannan masu gurnanin a kai su sito."

"Baba, ko ɗaya a bari. In sabuwar ta tsaya, komai ya tafi."

"Kyautar mutum za ki yi wa baki? Salon ya ce mun raina ta?"

Wannan Baban shi ya raɗa mata suna, shi ya kawo ta aikin. Ta yaya za ta yi masa musu sau biyu? Ta sunkuyar da kai, takaici kamar ya kashe ta. Na'urar ma sai da ta gargaɗe ta da jan rubutu cewa za a haɗa rajistar da kwafinta gida ɗaya. Ta danna ta wuce.

Ran Laraba aka sha tafi, Alhaji ya sa mata albarka, ta ce amin. Tana fitowa ta tarar da Iya Batulu a bakin ƙofa, tana kallon tsofaffin na'urorin ana tura su a baro.

"'Yar nan, na ji an yi sauye-sauye, na kasa zama. Har yanzu wuri biyu take?"

Malam Sharfuddeen na tsaye a bayan Bahijja yana murmushi. Bahijja ta durƙusa har ƙasa.

"E, Iya," ta ce.

Tsohuwar ta yi hamdala, ta ɗauki ƙunshinta ta nufi tasha.