Layar da Ado ya ɗinka wa Luƙman

Ladidi ta san yadda ake tada ɗanta Luƙman daga barci. Ba a zuwa ta wajen kansa. Sai ta jiƙa tsumma a randa, ta tsuguna wajen ƙafafunsa, ta riƙa shafa masa tafin ƙafa tana kiran sunansa a hankali, har tsawon dahuwar kunu. Duk wanda ya yi gaggawa ya girgiza shi ta kafaɗa, hannu zai sha. A haka ƙanwarsa Hasiya ta rasa haƙorin gaba tana da shekara tara. Da ya wartsake ya ga jini a bakinta aka ce shi ne, ya zauna ya fi ta kuka.

Barcin ya same shi yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya kwanta tun bayan magariba, sai hantsi ya dubi ludayi sannan a samu ya tashi, kuma ya tashi kamar wanda aka yi wa dukan tsiya. Da azahar ya koma. Daga lakwal, makarantar boko, aka fara korarsa, bayan mushe, malaminsu, ya karya bulala biyu a bayansa. Ubansa Sallau, kafin ya rasu, ya kai shi wajen masu bori, aka yanka baƙin akuya, aka ce doguwa ce ta zauna masa a kai. Samarin masallacin kasuwa suka ce wannan shirka ce, suka yi masa ruƙiyya kwana bakwai, yana minshari a tsakiyar karatu. A Dogon Dutsi ya yi sati biyu a gidan burodi, tanda ɗaya ta ƙone aka sallame shi. Yarinyar da yake so, iyayenta suka ce ba su ba ɗan ƙwaya ɗiyarsu. Shi kuwa bai taɓa sa ƙwaya a bakinsa ba.

Ladidi ta sayar da tumakinta biyu ta kai shi Yamai. Likita ya manna masa wayoyi a kai, ya riƙe shi kwana biyu, sannan ya ce mata ba lalaci ba ne, ba iska ba ce, cuta ce da ba a san mafarinta ba. Ya faɗi sunanta da Faransanci, sunan bai zauna mata a baki ba. Ya ce maganin da ke rage ta sai an aiko daga waje. Ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya ce yaron ya riƙa yawo da ita ko'ina.

Takarda a aljihun mai aikin ƙarfi ba ta daɗewa. Cikin wata ɗaya zufa ta fara cinye gefenta. Ran kasuwar Matankari Ladidi ta kai ta wajen Ado baduku.

Ado ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Inna, wane malami ne wannan da ke faro rubutu daga hagu?"

"Malamin Yamai ne. Ɗinka mani kawai, kar ruwa shi taɓa ta."

"To ai laya ke nan. In ta yi aiki ki kawo in kwafa, ni ma matata ta ce barci ya yi mani yawa."

Ya ninke ta, ya ɗinke cikin jar fata, ya sa mata igiya. Luƙman ya rataya a wuya.

Aiki ɗaya ne ya karɓe shi, amalanken ubansa. Shanun biyu sun san hanya. Ya ɗauko dammunan hatsi ko kara daga gona, barci ya kwashe shi a bisa kaya, su kawo shi har ƙofar gida su tsaya. Da kaka, kafin a saki gonaki, Ladidi da kanta take ɗaura musu takunkumi a baki, don ta san abin da ke faruwa in dabba ta sa baki a hatsin mutum a wannan lokaci.

Ran wata Talata igiyar takunkumin jan san ta tsinke. Ladidi ta ce wa Luƙman ya bari sai ta tufka wata.

"Inna, an yi mani alkawarin sawu ukku. In ban tahi ba, gobe su ce ai dama Luƙman ne."

"Su ce mana."

"Yau idona garau. Duba." Ya buɗe mata idon da yatsu, yana dariya.

Ta ba shi shayi mai ƙarfi, ta tura masa goro biyu a aljihu, ta bar shi ya tafi. Ita ta wuce ɗan lambun wakenta da ke kan hanyar.

Rana ta ɗan karkata ta ji hayaniya daga gonar Dalhatu, wani dattijo na ƙauyen gaba. Ta miƙe ta hangi amalanke a tsakiyar gona. Ta yar da ƙwarya ta ruga.

Jan san ya ja ɗan'uwansa har inda aka jera dammuna, ya warware biyu yana ci, ƙafafun amalanke sun taka sauran. Dalhatu na zaune a ƙasa, jini na zuba daga hancinsa ya ɓata gemu. Ladidi na ganinsa ta san abin da ya faru. Dattijon ya hau ya girgiza yaron ta kafaɗa.

'Ya'yan Dalhatu da 'yan ƙodagonsa sun riga sun jawo Luƙman ƙasa. Babban ɗan, Abdulrazak, yana zabga masa gefen adda a baya. Da wani ne, da ya yi ihu, ya durƙusa, ya ba da haƙuri, a tafi gaban maigari. Luƙman idonsa rabi a buɗe, bakinsa na gunguni, hannunsa na kai bugu cikin iska.

Wani daga cikin 'yan ƙodagon ya ce, "Ku dubi wuyanshi. Ɗan tauri ne, shi ya sa ko uhum bai ce ba."

"Ashe da shirinka ka zo," in ji Abdulrazak. Ya jefar da addar. "Ƙarfe ba ya cin shi. Ku kawo icce."

Suka zare ƙotar gatari, wani ya tumɓuke turken rumfa.

Ladidi ta faɗa cikinsu. "Takarda ce! Takardar likita ce, ku farke ku gani!"

"Kowa ma haka yake ce wa tashi," wani ya ce, ya riƙe ta ta baya. Ta cije shi a hannu, wani ya ƙara riƙe ta. Babu wanda ya yarda ya taɓa layar, don an ce wanda ya tsinke irinta hannunsa shanyewa yake.

Ta ji ƙarar icce a haƙarƙarinsa. Ta ji ta a gwiwarsa. Tun da ba ya kuka sai suka ɗauka ba ya ji, suka ƙara ƙarfi. Dalhatu ya ɗaga hannu yana cewa ya isa, amma muryarsa ba ta fita saboda jini. Na ƙarshe a ƙeya ya sauka. Sannan suka ja baya suna haki, suka sake ta.

Ta rarrafa wajen ƙafafunsa. Babu tsumma, babu ruwa. Ta tofa miyau a gefen zanenta tana shafa masa, tana kiran sunansa. Aka daɗe. Can ya buɗe ido sosai, ya gane ta.

"Inna, mun iso gida?"

"Mun kusa."

"Ƙafata na ciwo. Na faɗo ne?"

"Ka faɗo."

A amalanken aka ɗora shi za a kai shi likita. Shanun suka ƙi juyawa hanyar Dogon Dutsi, gida suka sani. Kafin a ciwo kansu ya cika.

Da jandarmomi suka zo da la'asar, ɗayansu ya sa reza ya farke jar fatar a gaban kowa. Takardar na nan lafiya lau, Ado ya iya ɗinki. Jandarman ya karanta a zuci ya fara ninkewa. Ladidi ta ce a'a, ya faɗa da Hausa, Abdulrazak ya ji.

Jandarman ya dubi takardar ya ce, "An ce mai wannan takarda yana da cutar barci mai nauyi. In an same shi yana barci, kar a girgiza shi, don in an tada shi da ƙarfi bai san abin da yake yi ba. A kira sunanshi a hankali. A ba shi lokaci."

Abdulrazak, hannunsa cikin ankwa, ya ce, "To mi ya sa aka ɗinke ta?"

Har yau, kullum tambayar nan na tare da Ladidi.

Da maza suka shigo za su yi masa wanka, ta roƙe su su dakata kaɗan. Ta je randa ta jiƙa tsumman, ta tsuguna wajen ƙafafunsa. Hasiya ce ta zo daga baya ta ɗaga ta.