Zagayen da Col Bai Biya Ba

Shekara da shekaru Narelle Pavlich tana gina manhajar da ke sanar da masu kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, a garin Port Lincoln lokacin da gishirin ruwa zai sauya. Ba ta karɓi kwabon mai zuba jari ba, gidanta ta jinginar. Yanzu wani kamfanin Sydney ya zo saye, ya taya da ninkin abin da ta zata. Wannan ninkin ne ya hana ta sakewa.

Rubu'i za a ba ta a hannu. Sauran sai bayan shekara uku, idan ciniki ya kai inda suka gindaya. Kuma daga ranar sa hannu, su ne masu juya cinikin.

Wakilinsu, Hamish Ferrier, ya ce, "Ki tambayi Col Treloar mana. Mu muka sayi kamfaninsa."

Gaskiya ne. Jarida ta ce ba a bayyana farashi ba, gari ya ce miliyoyi, Col kuwa ya sa hannu cewa ba zai taɓa faɗa ba. Ta gayyace shi shagon kofi na bakin tashar jirage da hantsi. Hamish ya zo ba gayyata, ya zauna tsakaninsu.

"Dattijo, yaya ruwan?" ta tambaya. "Da zurfi?"

"Yarinya, bakina a ɗinke yake. Ga telan nan zaune."

Hamish ya yi dariya, ya daki kafaɗarsa. "Mutumina ke nan! Ya yi kama da wanda aka cuta?"

Ta dubi Col. Rigar ce dai ta da, motar ma ita ce. Amma masu arzikin garin nan duka haka suke yawo, kamar waɗanda teku ya tofo. Wa ya sani ko Col yana da lada a kan duk wanda ya janyo musu?

Hamish ya biya wa kowa kofi a zagayen farko, Narelle ta biya na biyu. Na uku na Col ne. A nan wanda ya sha na mutane bai rama ba, sunansa ya ɓaci har jikoki. Col kuwa ya taɓa fizge katin bankin wani ya jefa a teku don ya nemi riga shi biya.

Mai shagon ta kawo na'urar kati. "Attajiri, miƙo."

Col bai taɓa aljihu ba. "Narelle za ta biya. Ki ƙara mini fanken nama biyu, ɗaya na gida."

"Yau kuma? Rowa ce ta kama ka da tsufa?" in ji mai shagon.

Shi kuwa Col, Narelle yake kallo, ido cikin ido, kunnuwansa sun yi ja. Hamish yana danna waya, bai ga komai ba.

Ta biya, ta kuma gane: sauran kuɗin da aka yi wa Col alkawari bai taɓa zuwa hannunsa ba. Sannan ta ture takardun zuwa gaban Hamish.

"Na yi muku rangwame. Ku ba ni rabin farashin, amma duka a hannu."

"Haba, madam! Wa ke rage wa kansa kuɗi?"

"Ni. Ka karɓa?"

"Sydney ba za su yarda ba."

"Me zai hana? Rabi ai ya fi muku sauƙi, in dai dama duka za ku biya."

Hamish ya miƙe. Ya ce zai buga waya, ya fita da takardun. Ta taga suka ga ya wuce kai tsaye zuwa motarsa.

Kamfanin yana hannunta, jinginar gidan ma tana nan daram.

Col ya kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa. "Ni dai ban ce komai ba."

"Ban ji komai ba," in ji ta, ta tura masa fanken gida.