Dutsen Bindawarra a Kife

Sau tara na rubuta shafin Bindawarra, sau tara ina gogewa. Ranar Juma'a zan miƙa littafin rajistar duwatsu, ga shi Talata ta yi. Shimfiɗun dutse ɗari biyu da goma sha ɗaya na tsohon zamanin da ake kira Paleozoic da ke yankinmu duk sun zauna a gurbinsu, kowace da sunanta da shekarunta da abin da ke samanta da abin da ke ƙasanta, in ban da wannan guda ɗaya. Ni ce mai rajistar sunayen duwatsu a ofishin binciken ƙasa, aikin da ba wanda ya san da shi sai ranar da ka soke wa wani suna.

Dokoki biyu gare mu da ba a wasa da su. Ba a raɗa wa dutse sunan mutum, sai sunan wurin da aka fara auna shi. Sannan in aka gano sunaye biyu dutse ɗaya suke nufi, wanda ya riga shiga takarda shi ke zama, na bayan a soke shi.

Des Treloar ne ya raɗa wa Dutsen Yashin Bindawarra suna a 1968, kuma shi ya koya mini riƙon guduma. Ko'ina a yankin, jan dutsen yashi da ake kira Hadlow a saman farar ƙasa mai burbushin ƙwarin teku yake zaune. A kwazazzabon Bindawarra kuwa Des ya tarar da jan dutsen yashi a ƙarƙashinta, ya ce to wannan wani ne daban, ya girmi Hadlow, ya ba shi sunan gonar tumakin da ke wurin. A gonar aka haifi matarsa Merle. Kowa a ofis ya san da za a yarda da sunan mutum, da sunanta ya sa.

Watan jiya ɗakin gwaji ya aiko mini da sakamakon ƙwayoyin yashin da na tura. Shekarunsu daidai da na Hadlow suke. Na sake turawa, aka sake dawo mini da amsar nan. Tun ranar ban ƙara zama a kujera minti goma cur ba: in dafa shayi, in manta da shi, in dafa wani.

Da na gaji da kewaye-kewaye na buga masa waya.

"Injin ne ya gaya miki?" in ji shi. "Narelle, injin ya taɓa zuwa Bindawarra?"

"Bai taɓa ba, Dakta."

"To zo ki ɗauke ni gobe. Gani ya kori ji."

Da safe na same shi a ƙofar gidansu a Broken Hill, da tsohuwar hularsa da gudumarsa, madubin duba dutse a wuya. Merle na tsaye a gefensa da sanda da kwandon abinci.

"Ina za ki da wannan gwiwar?" ya ce mata.

"Gidan ubana. Sai na nemi izininka?"

Awa huɗu muka yi a hanya, ƙofofin shinge goma sha ɗaya. Wanda ke kujerar gefe shi ke buɗe ƙofa, saboda haka Des ne ke sauka, ya buɗe, in wuce, ya rufe, ya dawo yana haki, ya ci gaba da maganar daga inda ya tsaya. Ba ni yake yi wa ba. Da Ormsby yake faɗa, mutumin da ya raɗa wa Hadlow suna a 1958, wanda ya shekara goma sha ɗaya a kabari.

"A gaban mutum ɗari biyu ya ce ban iya duba dutse ba. Shi da bai taɓa nisa da motarsa ba."

"Ka bar mamaci ya huta, tsoho," in ji Merle daga kujerar baya. "Ka ci burodinka."

Ni dai na riƙe sitiyari ina ta canza tashar rediyo har ta ɗauke. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina nake ji. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Injin ne ya kashe sunan, amma ni zan rataya shi in kai hedikwata a Canberra.

Ba abin da ya rage a Bindawarra sai bututun hayaƙin kicin da wani tankin ruwa da ya yi tsatsa. Fari ya sa aka sayar da gonar tun ina makarantar firamare, maƙwabci ya haɗe ta da tasa, ya kwashe kwanon rufin ya yi rumfar aski wa tumaki. Taswirar hanya ta daina ɗaukar sunan tuntuni. A duk faɗin ƙasar nan, taswirarmu ta duwatsu ce kaɗai ke da kalmar Bindawarra a jikinta. Merle ba ta ce a tsaya ba, ni ma ban tsaya ba, sai dai na rage gudu.

A bakin kwazazzabon Des ya rigaye mu sauka. Ya buga gudumarsa a jan dutsen, ya nuna farar ƙasar da ke samansa.

"Me na koya miki a ajin farko?"

"Na ƙasa ya girmi na sama."

"To?"

"Sai fa in ƙasa ta naɗe ta juya su, Dakta. Shi ma kai ka koya mini."

"Nuna mini. In kin nuna mini, da hannuna zan soke."

Ba sauƙi gare shi ba. Dutsen yashin nan fes yake kamar an yi masa shafe, ba sawun igiyar ruwa, ba ramin tsutsa, ba abin da zai gaya maka ina ne samansa. Awa biyu ina hawa ina sauka, ƙudaje na bin idona da hancina. In duba nan, in koma can, in dawo inda na baro. Des na bina a baya, duk dutsen da na ajiye sai ya ɗauka ya sa wa madubi ya jefar. Gaskiya rabin zuciyata ba ta son in samu. Ɗayan rabin kuwa na tuna mini Juma'a, da sakamakon da ke aljihuna, da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Merle na zaune a inuwar mota ta hura wuta ta dafa shayi a gwangwani. Ta kira mu sau biyu, ba wanda ya amsa. A na uku ta tashi da sandarta, ta gangara a hankali, ta wuce mu, ta nufi wani faffaɗan dutse da ya fito kamar benci a bayan wata ƙaya.

"Ku zo nan. Kun ishe ni da zirga-zirga, kaina har juyawa yake."

Ta sa sanda ta ture ƙayar. A gefen bencin akwai siririn layin dutsen laka, kaurinsa bai kai tafin hannu ba, kuma duk jikinsa tsaga ce da yashi ya cike.

"'Yar nan, kin taɓa ciro tunkiya daga madatsar ruwa in ta ƙafe?"

"Ban taɓa ba."

"Ni tun ina shekara shida. Laka in ta bushe ta tsage, bakin tsagar rana yake kallo. Faɗi a sama, tsini a ƙasa. Duba waɗannan."

Na durƙusa. Ban ma buƙaci madubi ba. Kowace tsaga tsininta na sama, faɗinta na ƙasa, sun fi ashirin a jere. Ƙasa ta ɗauki dutsen nan gaba ɗayansa ta kifar da shi, shekaru miliyan ɗari uku da wani abu da suka wuce. Hadlow ne, a kife.

Des ya durƙusa kusa da ni, gwiwoyinsa na ƙara. Ya sa madubi, ya cire, ya goge shi da riga, ya sake sawa. Ya bi tsaga ɗaya da farce daga tsini zuwa baki. Ya daɗe a haka.

"Lokacin sanyi biyu na yi a kwazazzabon nan," ya ce, ba da kowa ba. "Taku-taku na auna shi. Yaya aka yi ban ga wannan ba?"

"A kai nake zama," in ji Merle.

Ya ɗago.

"Kullum in na kawo maka abincin rana a nan nake zama, in baza siket ɗina, in ajiye kwandon a gefe. Ka taɓa cewa in matsa?"

"Yaushe kika gan shi?"

"Makonka na farko."

"Merle."

"Kai ka gaya wa Baba a kan tebur, ina zuba maka dankali. Ka ce in Hadlow ne, ran Asabar za ka naɗe tantinka ka yi arewa. In kuwa sabo ne, sai ka dawo baɗi ma. Ni ban san Hadlow ba, amma na ji ka ce komai ya rataya a kan wane ne sama wane ne ƙasa. Washegari na ga wannan." Ta gyara tsayuwa a kan sandar. "Shekarata ashirin da biyu. Saurayi mafi kusa yana mil sittin, kuma ba shi da haƙoran gaba."

Dariya ta taso mini, na haɗiye ta, don fuskar Des ba ta dariya ba ce. Ya miƙe da ƙyar, ya yi taku biyar, ya dawo, ya sake tafiya. Ya cire hula ya mayar.

"Na zagi Ormsby a gaban jama'a. Ban je jana'izarsa ba."

"Na ce ka je."

"Da kin gaya mini bayan ɗaurin aure fa?"

"An riga an buga takardar. Ka kawo mini ita a asibiti ranar da na haifi Colin, ka nuna mini sunan da yatsa. Sai in ce me? Daga baya aka sayar da gonar, ya zama can kaɗai sunan ya rage." Ta dubi bencin. "Sai na ga ni ma ina so."

"To me ya sa yau?"

Ta nuna ni da haɓa. "Dubi yarinyar nan, ta rame. Za ta je ta rubuta ƙarya saboda kai, ko ta rubuta gaskiya ka ƙi ta har ka mutu. Ni na ɗaure, ni zan kwance."

"Shekara arba'in da uku kika sa na yi asara."

"Ni na ba ka su dai."

Ya tsaya yana kallon bencin, ƙudaje sun cika masa baya bai kore su ba. Can ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na gane littafin aikina yake so. Na ba shi da fensir. Ya ɗora a gwiwa ya rubuta: Bindawarra, a soke. Hadlow ne a kife, shaida tsagar laka.

"A littafin naki akwai gurbin wanda ya fara gano shaida, ko kun cire?"

"Yana nan, Dakta."

Ya ƙara layi ɗaya ya mayar mini. M. Dunstan, 1966.

"Sunan gidansu ke nan," ya ce. "Lokacin ba ta zama Treloar ba. Kada ki gyara."

Merle ta karɓi littafin ta nisanta shi daga idonta ta karanta. Ta duba can wajen bututun hayaƙin, wanda daga nan kansa kawai ake hangowa.

"Yanzu ke nan ba Bindawarra a taswirar kowa?"

"Babu," na ce. Ban taɓa jin nauyin kalma irin wannan ba.

Ta gyaɗa kai ta ba ni littafin. Shayin ya yi sanyi, muka sha shi a haka a tsaye, Des ya zuba ragowar a kan wutar.

A hanyar dawowa ba wanda ya ambaci Ormsby. Da muka iso ƙofar shingen farko Des ya kai hannu zai buɗe mota, Merle ta dafa kafaɗarsa daga baya.

"Zauna. Wannan tamu ce."

Ta sauka da sandarta ta buɗe, na wuce. Ta madubi na ga ta ja ƙofar, ta sa sarƙar a ƙugiya, ta girgiza ta don ta tabbatar ta kama, kamar yadda ake koya wa kowane ɗan gona. Ba ta juyo nan da nan ba. Des ya buɗe ƙofarsa ya fita ya koma wajenta, ni kuma na kashe injin.