Mangwaron Salihu

Takalma Hansai ta fara gani. Ta sauko daga Keke Napep bayan la'asar, zafin Jimeta ya gama dafa ta, tana dawowa daga Ngurore inda ta je duba 'yarta mai jego, sai ta tarar da ƙofar gidanta cike da silifas. Ba suna ake yi ba, ba biki ba, kuma ita dai ba ta gayyaci kowa ba. Har ta ɗaga kai ta sake duba ƙofar, ko gidan wani ta nufa.

Gidanta ne. An shimfiɗa tabarmin da ba nata ba a tsakar gida, mata sun zauna jugum-jugum. Na'inna maƙwabciyarta, wadda ba a taɓa yin wani abu a unguwar ba ta riga kowa isa ba, ta taso ta karɓi jakarta.

"Sannu Adda Hansai. Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙansa."

"Wa?" in ji Hansai.

Matan suka kalli juna. Na'inna ta rage murya.

"Salihu mana. Allah Ya sa ya huta."

Hansai ta zube a kan tabarma. Salihu ɗanta ne na fari, tela. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, suna tafe a ƙasa cikin ayarin masu gudu, ya ce mata ta yi gaba da ƙannensa, zai koma ya ɗauko kan kekensa na ɗinki ya tarar da su. Bai tarar da su ba. Fiye da shekara goma ke nan ba wanda ya ce ya gan shi a raye, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta taɓa bari ya fito ba, don a ganinta yi wa mai rai kukan mutuwa mugun fata ne. Matan suka taya ta. Sai da ta yi mai isarta sannan hankalinta ya dawo, ta share fuska da mayafi.

"Wa ya kawo labarin?"

Kowace ta juya tana kallon ta kusa da ita.

"Ai mu a wajenki muke jiran ji," in ji Na'inna. "Mu dai mangwaronsa muka gani an raba yau da safe."

Wanda bai san Lambun Jama'a ba ba zai gane abin da ya haɗa mangwaro da ta'aziyya ba. Lambun yana gefen tafkin Njuwa, a filin da wata tsohuwar cikin garin Yola da kowa ke kira Gogo ta bayar, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika gari. Ta ga mata sun zauna ba aikin yi sai tunani, ta ce su zo su dasa itatuwa. Aka dasa mangwaro da gwaiba da kashu da lemo. Ba mai lambun, kowa ya zo ya ci. Duk Asabar ana aikin gayya, masu ban ruwa na yi, masu shara na yi, masu surutu su ma ba a bar su a baya ba. Idan mangwaro ya nuna kuma sai a sa ranar tsinka, a taru da gora da kwanduna, a raba wa unguwanni.

Doka ɗaya ce Gogo ta kafa. Duk wanda nasa ya ɓace, ya dasa masa itace, ya yago ƙyalle daga tufafinsa ya ɗaura a reshe. Itacen da ke da ƙyalle ba a tsinkarsa, 'ya'yansa na jemagu ne da awaki. In mutumin ya dawo, shi zai kwance da hannunsa ya fara ci. In kuwa labarin mutuwa ne ya zo, nasa ya je ya kwance shiru, ba sai ya buɗe baki ya faɗa wa kowa ba. Jama'a su tsinke su raba sadaka, su bi shi gida da gaisuwa. Gogo ta ce akwai maganar da ba ta fita daga bakin uwa, don haka kada wanda ya tambaye ta. Shekara da shekaru ƙyallaye suna raguwa, wasu da guɗa, da yawa da hawaye, har ya rage saura na Hansai kaɗai, a jikin mangwaron da ke kusa da rijiya.

"Ni ban kwance komai ba," in ji Hansai.

Nan fa tsakar gida ta rikice. Wata ta ce ita a wajen Huseina mai ƙosai ta ji. Huseina, da ke zaune a nan, ta ce ita ba ta ce komai ba, mangwaro aka zuba mata a roba aka ce na bakin rijiya ne, ta yi salati, shi ke nan. Wata ta ce ta ji an ce wani mutum ya zo daga wajen Madagali da labari. Aka tambaye ta wa ya gaya mata, ta nuna Na'inna. Na'inna ta rantse cewa tambaya ta yi, ko wani ne ya zo daga can, ba cewa ta yi ya zo ba. Mutanen Jimeta ke nan, ka yi tambaya a bakin famfo, kafin ka kai gida ta zama labari har da mai shaida.

Hansai ta rasa abin da za ta kama. In ba ita ta kwance ba, to wani ya kwance. Kuma wa zai taɓa ƙyallen ɗan wani in ba ya ji abin da uwar ba ta ji ba? Wataƙila da gaske mutumin Madagalin ya zo, bai same ta ba, ya wuce wajen Gogo. Tsoro ya kama ta, haushi ya biyo baya. A ce duk gari sun ci sadakar ɗanta, ita ce ta ƙarshen ji? Ta miƙe ta saka takalmi, sai a titi ta lura ƙafa ɗaya ba nata ba ne. Ba ta koma ba, ta tare Keke ta ce a kai ta Njuwa.

Ta tarar taron tsinka ya watse, saura masu kwashe tabarmi da kujerun roba. Ƙasa duk ɓawo da ƙwallon mangwaro. Ba ta kalli kowa ba sai da ta isa bakin rijiya. Itacen yana nan, kore shar, amma an sauke shi tas. Ta shafa reshen da ƙyallen yake, ta ji zanen da ɗaurin ya bari a jikin ɓawon.

Malam Hayatu, tsohon malamin makaranta da ke shugabantar masu aikin sa kai, ya ƙaraso yana cire hula yana mayarwa.

"Adda, ya haƙuri? Yanzu muke shirin zuwa gidan."

"Malam, wa ya ba ku izinin tsinkar itacen nan?"

"Ai ba ƙyalle. Da na zo da safe na ga babu, na je na gaya wa Gogo, ta ce a tsinka."

"To wa ya gaya wa Gogo?"

"Ni," in ji Malam Hayatu, sai shi ma ya ji amsar ba ta zauna ba.

Gogo tana zaune a gindin kashu, carbi a hannu. Hausarta ta mutanen Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kuma har yau ba ta kiran Hansai da sunanta sai Dada Salihu, wato uwar Salihu.

"Dada Salihu, zo zauna. Yaushe labari ya same ka?"

"Gogo, ni na zo ki gaya mini. Me kika ji?"

"Ni? Ni bai ji komai ba. An ce ka tafi Ngurore, an ce ƙyalle babu. Na ce to, ya kwance ya tafi wajen 'yarsa ya yi kuka. Ba ke ne ya kwance ba?"

"Ba ni ba ce."

Tsohuwar ta saki carbin a cinyarta. Su uku suka tsaya suna kallon juna, kowa na jiran wani ya san wani abu. Dokar da aka kafa don kada a tambayi uwa ta yi aikinta sosai, ba wanda ya tambayi kowa komai.

Wani ƙaton mutum da ke ɗora kujeru a bayan a-kori-kura ya daina aiki yana saurare. Sammy sunansa, mai sayar da tayoyi a Jimeta. Bana ne ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa ta fara zuwa aikin gayya, kuma sun zo da zafinsu, jiya ma su suka share lambun don taron yau. Ya matso yana murza hannu.

"Abeg Mama, wane irin ƙyalle ne? Wani tsohon tsumma, ya yi fari-fari, a nan sama?"

Hansai ta juyo ta zuba masa ido.

"Wallahi ni ya cire. An ce mu cire leda da datti duka. Ni ya ɗauka iska ne ya kawo shi. Ba wanda ya gaya mana."

Ya ruga wajen tarin sharar da ba a kai ga ƙonawa ba, ya dinga tonawa da hannu, ya dawo da shi. Da can shuɗi ne, hannun rigar da Salihu ya ɗinka wa kansa. Rana da ruwan sama sun cinye launin, ko ita da ta haifi mai rigar, da a hanya ta gan shi ba za ta sunkuya ba. Sammy ya durƙusa, mutum da girmansa, yana ta ba da haƙuri.

"Alhamdu lillahi, ashe kuskure ne," in ji Malam Hayatu, har da ajiyar zuciya. "Adda, mayar da shi. Ni zan sanar a masallaci, Sammy ya sanar a cocinsu, a ce ba a ji komai ba. Yanzu zan aika a sallami matan da ke gidanki."

Hansai ta riƙe ƙyallen, ta kasa ɗaga hannu. Ya kamata ta yi murna, ta sani. Ta lalubi murnar a cikinta ba ta same ta ba. Abin da ta samu ya ba ta kunya: tun da ta yi kukan nan a tsakar gida, ƙirjinta ya yi sakayau, irin yadda bai taɓa yi ba tun barinsu Mubi. Yau aka ambaci sunan Salihu a gidanta da babbar murya, aka yi masa addu'a. Shekarun nan duka mutane kauce wa sunan suke yi, kamar masu tsallake kwata. In ta mayar da ƙyallen, gobe za ta koma leƙen fuskar duk wani dogon saurayi a tasha. In ta ƙi mayarwa, ta binne ɗanta ke nan a kan sharar mai tayoyi. To in yana can da ransa fa?

"Da zaƙi?" ta ce.

"Mama?" in ji Sammy.

"Mangwaron. Ni na dasa, ni nake ba shi ruwa, ban taɓa sanin ɗanɗanonsa ba."

Sammy ya sunkuyar da kai ya ce ya sha, kuma duk lambun babu kamarsa. Ya je mota ya ɗauko ɗaya daga cikin rabonsa, ya wanke a bakin rijiya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta gatsa, ruwan ya gangaro mata har gwiwar hannu. Da zaƙi kuwa. Ta ci tana hawaye, ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Da ta gama, ta ninke ƙyallen ta ƙulle a haɓar zaninta.

"Malam, kada ka sallami kowa. A ce su jira ni, ina zuwa."

Malam Hayatu ya kalli Gogo, Gogo ta kalli reshen da ba komai a jikinsa.

"Dada Salihu," in ji tsohuwar a hankali, "in mun je, wane addu'a za mu yi masa? Na mai rai, ko na wanda ya rasu?"

Hansai ta goge hannunta a mayafi.

"Ku yi duka biyun, Gogo. Wanda Ya san inda yake Shi zai zaɓa."